Ambulan Biyu daga Medellín

Baba ya fara ne da igiyar alfadari.
Shekara talatin yana ƙulla ta ido rufe,
ran nan ya tsaya a bakin gonar gahawa
yana juya ta a hannu
kamar an miƙa masa mataccen maciji.
Shekarunsa arba'in da shida.
Kakata Herminia ba ta ce uffan ba,
ta dai kwashe wuƙaƙen madafa
ta tusa bayan buhun masara.
Ta san hanyar. Ta raka mijinta a kanta,
ta raka ƙannensa biyu.

A tsaunukanmu da can cewa ake yi
baki aka yi wa gidan,
wai wani kakan kakanmu ya zagi limamin coci.
Likita Berenice ta hauro da takalmin roba,
taɓo har ƙwauri,
ta shimfiɗa takarda a teburinmu
ta zana mu kamar reshen goba,
matattu da rayayyu.
Ta ce ba baki ba ne.
Harafi ɗaya ne ya karkace
a cikin rubutun da jiki ke gada,
tun zamanin wani da ba mu san kabarinsa ba.
Uba yana da kwafi biyu, mai kyau da mai tabo,
kowane ɗa yana ɗaukar guda,
ba a tambaye shi ba.
Rabi da rabi, in ji ta.
Wanda ya ɗauki mai tabon, lokaci kawai yake jira.

Ni da ƙanena Ovidio muka bi motar asuba,
awa huɗu muna sauka cikin hazo.
Sau uku suka zaunar da mu kafin allura:
ku yi tunani, abin da aka sani
ba ya komawa inda ya fito.
Jinin da suka ɗiba bai cika cokali biyu ba.

Bayan wata biyu, ambulan biyu.
Nawa na yage a tsaye.
Ba ki ɗauka ba, in ji likitar,
ta riƙe min gwiwar hannu.
Na zaci rawa zan yi.
Bayan gida na shiga, na amayar da karin kumallo,
na daɗe ina kallon famfo yana zuba.

Ovidio ya auna nasa a tafin hannu,
yadda yake auna gahawa ko ta bushe.
Ya ce, Amparo, na fasa.
Riƙe min. Kada ki buɗe, kada ki ƙona.

Yana cikin gwangwanin biskit,
tare da takardun gona da zoben Mama.
Da dare ina jin sa,
ko da yake takarda ba ta numfashi.

Ranar Asabar ya tambaye ni farashin buhu sau biyu.
Kowa na yin haka.
Ni ma na yi, na kuma yi dariya.
Amma shi arba'in da ɗaya yake,
sai na bar wanke-wanke na fita tsakar gida.
'Yarsa Yuliana tana tsallen igiya,
tana ƙirga da ƙarfi, ba ta ɓata ko ɗaya.
Goshinsa ne da ita, da wushiryarsa.
Sauran ba a gani.

An ce na tsira.
Wanda ya tsira a gidanmu
shi ke aske gemun wanda ya manta sunansa,
shi ke kulle ƙofa da dare ya rataya makulli a wuya.

Jiya na ce ya koya min ƙullin nan na Baba.
Ya yi dariya, me za ki yi da alfadari?
Ya ƙulla, ya kwance, ya sake ƙullawa,
idonsa yana kan gajimare.
Na ce, a hankali, sake yi in gani.
Ya sake.