Jarka Huɗu

Ƙarfe biyun dare a Agege,
janareton maƙwabci ya yi tari ya mutu.
Saura ni da batir kashi talatin
da tsohuwar kwamfutar da Obiora ya sayar min a Ikeja
yana rantsuwa lafiyarta ƙalau.
Ƙalau ɗin ce. Idonta ne ke ƙiftawa inda bai dace ba.

Don Sahura na saye ta.
Ƙanwata ba ta ji, da hannu take zance,
hannun kuwa ya fi bakin ɗan kamasho sauri.
Ranar gwaji, tana Ikorodu ina nan,
ta fara: "Ina kewar..."
sai yatsun suka daskare a iska,
suka farfaɗo a kan "shinkafa".
Tsakiyar zancen kyamara ta haɗiye.

Na karɓo ta, na kwance mata ciki,
na gangara can ƙwaryar manhaja,
inda direban kyamara ke zaune,
inda tuntuɓen layi ɗaya ke rushe gida duka.
Hoto talatin a daƙiƙa guda,
famfo ne da ba a rufewa.
Wanda ya rubuta, Allah ya yafe masa,
jarka biyu kacal ya tanada:
ɗaya na cika, ɗaya ana juyewa.
In mai juyewa ya tsaya sosa ƙeya
ruwa ya bi ƙasa.
Abin da ya bi ƙasa, kalmomin Sahura ne.

Haushi ya sa na ce a ba ta talatin da biyu.
Ƙwaƙwalwar kwamfuta ta ce akwai wuri, amma a warwatse,
kamar danfo da rana tsaka:
kujera a gaba, kujera a baya,
kai kuma ka zo da iyali kana son a jere.
Wannan kyamarar ba ta zama sai a jere.
Sai na koya mata sammako,
ta kama kujerunta tun ana kunna inji.

Ko ɗigo bai zube ba, amma hoto ya shiga gosulo.
Na ɗaga hannu, na sauke, na kurɓi shayi,
sannan ni na cikin allo ya ɗaga nasa.
Gadar Eko ranar Litinin.
Wa zai yi hira da kansa na ɗazu?

Na tuna Malam Tanimu mai kurar ruwa.
Ba ya cika kura fal, ba ya fita da ɗaya,
kuma jarka in ta huta, maza a mayar bakin famfo.
Na rage zuwa takwas. Shida. Uku ya yi tsalle.
Huɗu ya zauna.

Na kuma tarar ana wahalar banza:
daga jarka a juye bokiti, daga bokiti a kwano,
kafin mai ƙishi ya gani.
Na cire bokitin. A nuna masa jarkar, ya sha a nan.

Wajen huɗu na asuba allo ya yi ɗif.
Laifina: na ara ban mayar ba.
Layi ɗaya. Na same shi ana kiran assalatu,
batir kashi uku.

Asabar na kai mata, motoci uku da kafaɗa mai ciwo.
Da daddare ta kira.
Yatsu goma, kowanne ya iso da ƙafarsa:
"Ina kewar ka, ka rame,
wai ba ka cin komai ne sai shinkafa?"

Har yanzu in aka zare wayar kyamara tana aiki
komai sai ya tsaya cak.
Na ce mata kar ta zare.
Ta ce a gyara.