Kwali Ɗaya

Yau Farfesa Muntari ke ajiye aiki.
Ni ne masinja, ni ke share ofishin nan
tun fanka tana sabuwa, tun gemunsa na baƙi wuluk.
An ba ni kwalaye da igiya.

Kantar dama fiƙihu ne, jan bango, yatsa ya cinye gefe.
Ta hagu tsarin mulki da shari'o'in Turawa
masu nauyin bulo.
Shekara talatin da ɗaya kujerarsa na tsakiya,
har ƙafafunta sun yi rami a siminti.

A zauren Sheshe an ce boko ya cinye shi.
Ya dawo daga taron ƙasar waje yana dariya:
"Can kuma, Ɗan'azumi, da na tashi yin la'asar
sai suka dube ni kamar na ɓoye bulala a aljihu."
Wani ya kira shi jemage, ba tsuntsu ba, ba dabba ba.
Ya ce, "Jemage dai ba ya karo a duhu."

Ta taga na ji yana tambayar ɗalibai:
"Sallar da aka yi don tsoron kulki,
wa aka yi wa?
In hukuma ta naɗa rawani,
wa zai ce ta yi kuskure a bar shi da imaninsa?"
Aji ya yi tsit.
Washegari na tsinci takarda a ƙarƙashin ƙofa, ba suna.
Ban ba shi ba.
Har yau bai sani ba.

Abin da idona ya gani:
Ilu, ɗan dako a Kwari, shekara shida a Kurmawa
kan bandir ɗin atamfa da ba wanda ya ga ya ɗauka.
Malam ya zaro ɗaya a dama, ɗaya a hagu,
na rungume su a adaidaita har kotu.
Wannan ya ce sai da shaida. Wancan ma haka.
Ilu ya fito yana kare rana da hannu,
yana tambayar nawa ne koko yanzu.

Na ce, "Malam, a ware su, na dama daban?"
Yana laluben tabarau, ga shi a goshinsa.
"Haɗa su kwali ɗaya.
Kullum a nan muke barin su su kwana,
ka taɓa zuwa da safe ka tarar sun yi faɗa?"

Na ɗaure.
Da ƙyar igiyar ta kai.