Taga ta Huɗu

A Ulan Bato, bayan gilashin taga ta huɗu,
ni ke buga kuɗin ciwon mutane.
Yau takardar Gantulga ce a gabana,
makiyayi daga Arhangai, hanta ta ƙeƙashe.

Lita shida aka tsiyaye daga cikinsa ran Talata:
layi ɗaya.
Jinin da ya amayar, leda uku aka mayar masa:
layi biyu.
Daren da ya kira 'yarsa da sunan goɗiyarsa,
ya ce a shigo da garke, ƙanƙara ta sauko,
wannan ba shi da gurbi a na'urata.

Inshora ta yanka wa hanta farashi guda,
ko ta kumbura ciki, ko ta juya wa mutum hankali.
Abin da ya haura, asibiti ya haɗiye rabi,
rabi ya bi 'yarsa gida.

Narantuya sunanta. Rasit ɗinta cikin gwangwanin shayi,
ta shimfiɗa su tana gogewa da gefen hannu.
Tumaki arba'in, ta ce, tun ba su yi ƙiba ba.
Yaushe za a maido?

Na ce wata uku. Na san biyar ne.
Na buga hatimi, tawada ta ɗan zarce.
Ta turo busasshen cuku ta ƙasan gilashi,
wai Baba ya ce kada a bar mai lissafi da yunwa.

Yana aljihuna, na kasa ci.
Sai na gaba.