Muciya a Jidda

Kwana tara da saukata Jidda,
ɗakina akwai sanyin inji, babu cokali.
Akwati biyu, katifa ɗaya,
sai tukunyar da mai ɗakin dā ta bari,
murfin kuwa ya bi ta Manila.

Na sauka shagon ƙasan bene.
Mai shagon mutumin Kerala ne,
Larabcinsa gurgu, nawa makaho,
muka ja juna har muka kai ga gishiri.
Na ce albasa, ya ce basal,
ashe 'yan ɗaki ɗaya ne, tafiya ta raba su.
Sukari ya amsa sunansa,
sabulu ya waiwayo,
shayi ko gardama bai yi ba.
Da na ce daddawa
sai ya dube ni da tausayi,
ya nuna mini kantin magani a tsallaken titi.

A shagon komai-riyal-biyar
na sayi bokiti, da faranti uku,
da tsintsiya mai dogon hannu
wadda ba ta barin mutum ya rusuna wa ƙasa,
da ludayin roba ja.
Daren nan na ɗora tuwo.
Ludayin ya shiga tukunya da ƙarfin hali,
ya yi ruku'u,
har yau bai ɗago ba.
Na ci gurasa da wake, na kwanta,
gudajin tuwo suna kallona daga kwano.

A nan mako yana tuɓe takalmi daren Alhamis.
Na fito daga asibiti, ƙafa kamar ta aro,
na yi tsaki cikin tasi,
direba ya dubi madubi:
"Wannan tsakin na gida ne.
Je ki Bab Sharif bayan la'asar,
ki wuce masu yadi, ki wuce masu turare,
inda hanci ya tsaya, ki tsaya.
Ki ce Hajja Tasalla."

Hanci bai yi ƙarya ba.
Ga ta kan kujera 'yar tsugunno,
kuka a leda, kuɓewa busasshiya,
kanwa, yaji, daddawa ƙulli-ƙulli
kamar ajiyar da aka ba ta amana.
Hausarta tsohuwa ce,
irin wadda kakata ta tafi da ita kabari.
A Jidda aka haife ta.
Kakarta ce ta taso daga Kazaure da ƙafa,
shekara bakwai a hanya, haihuwa biyu a Sudan.

"Rijiyar nan ta bakin kasuwa,
tana nan?"
Ni 'yar Gusau ce, ban taɓa taka Kazaure ba.
Na ce tana nan, Hajja, ruwanta garau.
Allah ya yafe mini.

Na ce muciya fa?
Ta yi dariya har haƙorin Makka ya fito.
"Ba a sayar da muciya, 'yar nan."
Ta laluba ƙarƙashin buhu
ta zaro wata, baƙa, gefe ɗaya ya cinye.
"Aro ne. Ranar da za ki koma, ki dawo da ita.
Ke ce ta shida."

Juma'a da yamma na kai tuwona bakin teku.
Iyalai sun baza darduma, yara na gudu da balan-balan,
wani ruwa can yana harba kansa sama,
iska mai gishiri tana lasar mayafina.
Wata Bayamaniya ta miƙo dabino,
na miƙa mata malmala,
ta ɗanɗana miyar kuka, ta yi shiru,
ta ƙara.

Rana ta faɗa ruwa ta wajen gida.
Aka kira magariba.
Shekara talatin ina salla ina fuskantar nan.
Yau na miƙe, na kalli gabas,
teku a bayana,
Gusau a bayan tekun,
muciyar Hajja a cikin jaka
ba a ko wanke ta ba.