Shafi na Tamanin da Bakwai

A kasuwar Umdurman, bayan masu turare,
Awadul Karimu na baza tsofaffin littattafai a kan buhu.
Can na tsinci na bakwai,
bangonsa ja, ɓera ya ɗanɗana kusurwarsa.

Wasan na mutum biyu ne,
kowa da littafinsa, kowa da jirginsa mai fiffike biyu.
Ka ce, "Na karkata hagu,"
ya ce, "Buɗe sittin da huɗu,"
sai ka ga bakin bindigarsa a ƙeyarka.

Ni da Ukashatu mun sha kona sararin sama a kan tabarma
a Mai Wurno, da fitilar ƙwai,
har shayi ya huce.

Yanzu ina da bugun farko, takardarsa kamar ganyen taba,
da wanda aka sake wa zane, gizagizansa sun yi ƙiba,
da ɗan ƙarami na aljihu
da wani ya yi lissafin gawayi a bayansa.
Akwai wanda maɗaba'a ta yi wa kuskure:
a tamanin da bakwai jirgin ya kife, ƙasa ta koma sama.
Shi na fi so.

Matata ta ce, "Ba duk ɗaya ba ne?"
Na ce a'a. Bayanin ne ya gagare ni.

Ukashatu ya tafi Jidda da rabin wasan a jakarsa,
shekara ashirin ke nan.
Da dare nakan buɗe nawa, in ce, "Na karkata hagu,"
in jira a faɗa mini shafi.