Lissafin Bayan Ƙanƙara

Daren Laraba sama ta jefe mu.
Ba sallama, ba gargaɗi,
ƙanƙara kawai, kamar ƙwan zabo,
tana dukan kwanon ɗaki har kukan yaro ya ɓace.
Ina kwance ina ƙirga:
taki buhu huɗu, bashi;
iri daga Bokkos, bashi;
man injin ban-ruwa, shi ma Alhaji Sambo ya rubuta.

Da asuba na gangara bakin tsohon ramin kuza.
Kabejin da na raɗa wa suna
Kuɗin Makarantar Ladidi
ya koma tsumma.
Tumatir ya fashe tun bai san ja ba.
Na tsaya, takalmin roba cikin taɓo,
bakina ya rasa komai sai innalillahi.

Bara ba haka muka faɗi ba.
Bara gona ta yi kyau, ta yi wa kowa kyau,
nan masifar take.
Motoci suka toshe Farin Gada,
dillali ya taɓa kwandona da ƙafa,
ya taya abin da ko kwandon bai saya ba.
Na biya mota, na biya ɗan dako, na biya rasit,
na koma gida da kuɗin gishiri.
In ta yi, kasuwa ta cinye ka.
In ta ƙi, mai bashi.

Kaneng, da muke iyaka,
ta leƙo ta kan shingen ƙerana.
Nata ma ya tafi, amma fartanya na kafaɗarta.
Ta ce, "Tanimu, ƙanƙara ba ta iya tono ba.
Je ka duba dankalinka."

Na durƙusa, na cusa hannu a kunya.
Ga su nan, sanyi ƙalau,
ko labari bai kai musu ba.

Sai na tuna gardamar da muka yi da Lantana
ranar da na so shuka kabeji har bakin dutse.
Ta ce raba gonar uku.
Na ce mace da lissafin tsoro.
Ta yi shiru, ta sayi akuya da kuɗin ƙosai,
ta shiga adashin ranar Asabar
ba tare da ta nemi dariyata ba.

Yau akuyar 'ya'yanta biyu.
Kwasar adashi saura sati uku.
Acca na can kan tudu, ƙanƙarar ba ta bi ta nan ba.

Ban ce mun tsira ba.
Ladidi za ta koma aji da tsohon takalmi,
rufin kicin zai ƙara shekara yana yoyo.
Gobe zan je wurin Alhaji Sambo da ƙafata
kafin ya aiko,
rabi a hannu, rabi a baki.

Da dare na ɗauko littafin lissafi.
Na buɗe sabon shafi, na ja layi uku,
na miƙa wa Lantana biron.