Kwalbar Tukuici

Ƙarfe goma sha ɗaya na dare a Tulsa,
an kashe fitilar ƙofa, an kife kujeru.
Ƙafafuna sun kumbura cikin takalmi
kamar ƙullin da ya kwana.
Wendell ya juye kwalbar a teburi na tara,
ya lashi yatsa, ya fara kasawa:

kashi ɗaya na Darlene, ɗaya nawa,
ɗaya na yaron da ke kwashe faranti,
ɗaya kuma, in ji shi, na gida.
Gidan nan a aljihun wandonsa yake kwana.

Ni na yi wa mutumin nan murmushi
bayan ya mayar da nama sau biyu.
Ni na durƙusa na goge madarar da jariri ya ɓarar,
uwarsa ta bar dala biyar ƙarƙashin kofi,
ta rubuta godiya a bayan rasit.
Ba gida ta rubuta wa ba.
Ladana dala biyu da 'yan canji a awa,
sauran, wai, yana hannun baƙi.
To, baƙi sun miƙo. Wa ya tare hanya?
Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Ran Laraba na hau bas zuwa ofishin ƙwadago.
Wata mata mai tabarau a goshi
ta ja layi da jan biro:
manaja ba ya sa hannu a kwalba,
ko da ya taya ɗaukar faranti ran cunkoso.
Raina ya yi sanyi.
Sai na tambaye ta labarin Eusebio,
mai wanke-wanke can baya,
wanda ruwan zafi ya cinye wa zanen yatsu.
Ta sauke tabarau, ta ce:
muddin da tukuici ake cika ladanki,
shi ma kwalba ba ta san da shi ba.

Na yi shiru har bas ya zo.
Wuƙar da ta yanke hannun ɓarawo
ta shafi yatsan maƙwabci.

Daren Juma'a na shimfiɗa takardar gefen kwalba.
Wendell ya karanta, kunnuwansa suka yi ja.
Darlene ta dubi silin.
Kashi uku ya yi, bai lashi yatsa ba.
Da gari ya waye sunana ya koma safiyar Litinin,
lokacin da ko ƙuda ba ya shigowa.
Wannan ma na rubuta shi, da kwanan wata,
a ɗan littafin da matar ta ce in riƙe.

Kafin in fita na leƙa baya.
Tururi ya rufe fuskar Eusebio,
yana waƙa da harshensu ƙasa-ƙasa.
Na cusa dala goma a aljihun rigarsa.
Ya girgiza kai, hannu duk kumfa.
Na ce, wannan ya riga ya shiga tafina,
kuma na duba takardar ciki da bai:
babu layin da ya hana kyauta.